Takardar da Na Sa wa Hannu a Falon Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna min nake tunawa. Amma safiyar da na tsaya gaban allon sanarwa na ofishinmu na ga sunana a jikin takardar kora, an rubuta a ƙasa wai na yi wa shugabana ƙazafi, wannan kam ko tsufa ya cinye min hankali ba na jin za ta fita daga raina. Shekaru sun shuɗe, na yi aure har da 'ya'ya, amma har gobe idan ɗan adaidaita ya ratsa da ni ta wannan layin na Nassarawa GRA sai safiyar nan ta dawo min sabuwa.

Lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da gama difloma ba, na samu aikin sakatariya a wani kamfani mai sayar da injinan ban ruwa da irin shuka. Ofishin wani tsohon gida ne irin na Turawan da, mai faɗin baranda da dogayen tagogi, ga bishiyoyin mangwaro da darbejiya sun lulluɓe harabar. Kullum nakan taso daga gidanmu a Hotoro, in sauka a bakin titi in ƙarasa da ƙafa, don kawai in bi ta inuwar nan ina kallon manyan gidaje ina saƙa labarin masu su a raina. Ni fa littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina 'yar sakandare nake karɓo haya, in cusa a tsakiyar littafin lissafi, Umma na zaton bita nake. A cikinsu ofis wuri ne na ƙamshin turare da sanyi, shugaban kuma miskili ne mai ɗaure fuska amma zuciyarsa fara tas. Ba wai ina mafarkin wani shugaba ba ne, ina da nawa saurayin, malamin firamare, har manya sun shiga maganar an sa rana. Sai dai haka na ɗauki duniya: duk wanda ya yi maka murmushi, alheri ya nufe ka da shi.

Manajanmu, wanda kowa ke kira Yallaɓai, ya haife ni ko ba a faɗa ba. Da farko yabo ne, har wata shida da fara aikina ya sa aka ba ni takardar yabo, na kai gida Baba ya adana ta a cikin akwatinsa. Daga "kin iya aiki" sai aka koma "kin iya ɗaurin ɗankwali". Daga nan sai saƙonni a waya, irin waɗanda ko yanzu da nake uwa bakina ba zai iya maimaita su ba. Ban taɓa amsa ko ɗaya ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa in na yi shiru zai gaji. Wata Alhamis bayan azahar ya ce in kai masa wani fayil. Ina ajiyewa ya miƙe ya murɗa makullin ƙofa, ya kama gefen mayafina.

"Ke yarinya ce mai hankali," in ji shi, "me malamin firamare zai tsinana miki?"

Na ce, "Yallaɓai, ka ji tsoron Allah ka buɗe min ƙofar nan, ko wallahi in yi ihun da masu gadi za su shigo."

Ya yi dariya ya buɗe, kamar wasa muke. Na fito na shige banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana.

Mutum ɗaya ce ta faɗo min a rai, Hajiya, shugabar sashen kula da ma'aikata. Dattijuwa ce mai fara'a, ba ta kirana sai da "'yata". Tare muke cin dambun da take kawowa daga gida, har ta yi min alkawarin turaren wuta na biki. Ranar Litinin na rubuta ƙorafina da hannuna, na je shagon kwamfuta na buga hotunan saƙonnin nan a takarda, na kai mata duka. Ta karanta tana salati, tana girgiza kai. Ta rungume ni, sannan ta tambaye ni ko na nuna wa wani. Na ce a'a, ko Umma ban gaya wa ba.

"Kin yi hankali. To yanzu ɗauko wayar ki goge su. Ga su nan a hannuna, sun isa. 'Ya mace da aka sa wa rana ba ta yawo da irin wannan ƙazanta a waya. Idan angon ya gani fa? Ko ƙannenki?"

A gabanta na goge su ɗaya bayan ɗaya, har ina jin kamar na sauke wani kaya. Ban ajiye kwafin ƙorafin ba, ban ce ta sa min hannu a kan shaidar ta karɓa ba. Yaya ma za a yi in ce wa uwa ta sa min hannu?

Ranar Asabar bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji tsayuwar motoci a ƙofar gida. Can sai Baba ya aiko in zo falo. Baba tsohon hedimasta ne, mutum mai kunya da gudun rigima, wanda in maƙwabci ya taka shi shi ne zai fara ba da haƙuri. Ina ɗaga labule na ga Hajiya zaune a gefe, ga wani Alhaji mai babbar riga wanda aka ce yayan Yallaɓai ne, ga kuma limamin unguwarsu da carbi a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofa na sunkuyar da kai. Abin da na kasa gaya wa Baba da bakina, ashe baƙi sun riga sun gaya masa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kamar ni ce na yi laifin.

Alhajin ya gyara murya ya ce, "Malam, yaron nan ya yi kuskure, ya kuma gane kuskurensa. Sharrin shaiɗan ne. Ga iyali, ga 'ya'ya mata da suka isa aure. Mun zo ne a rufa asiri, a dubi girman Allah a yafe." Liman ya kawo nasiha a kan falalar yafiya. Baba ya gyara zama. Manya uku sun tako har falonsa, a irin tarbiyyarsa ba a mayar da irin wannan tafiya hannu biyu. Ya ce, "Tunda kun zo da kanku, ba komai. Mun yafe. Allah ya kiyaye gaba." Ba wanda ya juyo ya tambaye ni. Ni ma ban ga laifin hakan ba a lokacin, har wani daɗi na ji, don a littattafaina nan ne wurin da mugu ke nadama kowa ya zubar da hawaye.

Sai Hajiya ta buɗe jaka ta zaro wata takarda da aka buga da Turanci, ta miƙo min da biro. "Sa hannu nan 'yata, don a rufe fayil, shi ke nan magana ta wuce." Ni da nake cinye littafi mai shafi ɗari uku a wuni guda, layi biyar na kasa karantawa. Ba don ban iya ba. A gaban Baba da liman, in tsaya ina bin takarda layi-layi, ai kamar na ce ban yarda da su ba ke nan. Na ɗora ta a kan cinyata na sa hannu, aka shafa fatiha, suka tafi.

Mako bai zagayo ba aka ɗauke teburina daga gaban ofishin manaja aka kai ni ɗakunan baya, inda masu aikin gidan suke kwana a da, cikin buhunan iri da warin maganin ƙwari. Aka ce gyaran tsarin aiki ne. Sai takardar tuhuma ta farko, wai na makara da minti goma, ranar da aka yi ruwan da ya tsayar da rabin garin. Ta biyu wai na ɓatar da wani fayil da ban taɓa gani ba. Ta uku wai ina karanta littafin hira a lokacin aiki, alhali a lokacin hutun sallar azahar ne. Uku cikin mako uku, ni da ban taɓa karɓar ko ɗaya ba. Abokan aikin da muke raha da su suka koma amsa gaisuwata a ciki, ido na kan kwamfuta. Duk da haka ban farga ba. Har ina zuwa wurin Hajiya ina kai mata kuka, tana cewa in ƙara haƙuri, guguwa ce za ta wuce.

Daga nan aka kira ni gaban kwamiti. Mutum huɗu ne, Yallaɓai na zaune a gefe yana latsa waya. Hajiya ce ta karanto takardar da na sa wa hannu a falon Baba, da muryar nan tata mai taushi. Babu kalmar yafiya ko ɗaya a ciki. Abin da ke ciki shi ne wai na janye ƙorafina saboda abin da na faɗa bai faru ba, kuma ina neman afuwar manaja bisa ɓata masa suna. Na ji kamar an zare ƙasar ɗakin daga ƙarƙashina. Yallaɓai ya ɗago ya ce, "Ni ban riƙe ta a rai ba. Yarinya ce da karance-karancen soyayya suka cika wa kai, ta ƙirƙiri labari ta sa ni a ciki." Wani daga cikinsu har da murmushi.

Na ce, "Hajiya, takardun da na ba ki fa? Saƙonnin da na bugo?"

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Waɗanne takardu?"

Wallahi abin da Yallaɓai ya yi min a ofishinsa bai girgiza ni kamar wannan tambaya ba. Washegari da safe na tarar da takardar korata a manne a allon sanarwa, kusa da jadawalin hutun ma'aikata, direbobi da masu shara suna tsaye suna karantawa. Suna ganina suka dare. Na karanta ta sau uku ina neman inda aka yi kuskuren suna.

Aikin bai dame ni kamar sunan ba. Kano da girmanta, amma magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin sati biyu gwaggon saurayina ta zo wurin Umma da zancen wai sun ji an kore ni saboda na ƙulla wa mai iyali sharri, suna so a ɗan ɗaga ranar biki tukuna. Duk inda zan nemi aiki kuma wannan takarda ce za ta riga ni isa. Na shige ɗaki na daina cin abinci. Littattafan da ke ƙarƙashin katifata ko kallonsu ban son yi, don a cikinsu idan an zalunci yarinya akwai wani da ke fitowa daga wani wuri ya share mata hawaye, ni kuwa ba kowa sai fankar da ke juyawa a saman kaina.

Baba ne ya leƙo wata safiya, ya sa hularsa ta zuwa unguwa. Tun ranar korar bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce, "Sa mayafinki, za mu je wani wuri." Ya kai ni wani bene a wajen Gawuna, ofishin wata lauya da ya koyar tun tana aji uku na firamare. Gajeriyar mace ce mai saurin magana, tana ganin Baba ta zube ta gaishe shi, amma da ta gama jin labarin ba ta raga wa kowa ba.

"Malam, kai da ka hana mu sa suna a takardar jarrabawa sai mun karanta umarni, kai ne aka sa 'yarka ta sa hannu a gabanka ba ta karanta ba?"

Baba ya ce, "Barista, na yi kuskure."

"Ke kuma kin goge saƙonni. Da hannunki. Don kunya." Ta dafe kai. "Kunyar nan tamu ita ce jarin irin waɗannan mutanen. To share hawayenki, ba kuka ya kawo ku ba."

Ta ja takarda ta shiga yi min bayani dalla-dalla, abin da ban taɓa ji ba a makaranta ko a gida. Ta ce abu biyu ne aka yi min, kada in haɗa su. Na farko abin da manajan ya yi. Na biyu ramuwar da kamfani ya yi saboda na kai ƙara, wato mayar da ni ɗakin ajiya, da jero min tuhuma, da korar. Ta ce ko da na farkon ya yi wuyar tabbatarwa, na biyun laifi ne mai zaman kansa, kuma sawunsa a rubuce yake da hannunsu. Ta ce akwai kotu ta musamman da ke sauraron rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, kuma irin wannan cin zarafi a wurin aiki yana cikin huruminta. Ana iya kai koke hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ko ofishin ƙwadago. Riƙe min mayafi da kulle ƙofa kuwa, in na so, magana ce ta 'yan sanda. Manna sunana a allo da kalmar ƙazafi shi ma ana iya ƙararsa a matsayin ɓata suna.

"Amma ba zan yi miki daɗin baki ba," in ji ta. "Shari'a tana cin lokaci, za a tambaye ki abubuwan da ba kya son faɗa a gaban maza, kuma ban yi miki alkawarin nasara ba. Sannan ba a jan ƙafa, kowace rana da ta wuce shaida na ƙara gushewa. Ke me kike so? Kujerarki, ko diyya, ko me?"

Wannan ne karo na farko tun da abin ya fara da wani ya tambaye ni abin da nake so. Na ce, "Sunana nake so. A cire kalmar nan daga kaina."

Ta sa na zauna na rubuta komai da kwanan wata, tun daga saƙon farko har ranar allo. Baba ya kawo takardar yabon nan, ta jera ta kusa da takardun tuhuma uku ta ce, "Dubi nan. Ma'aikaciyar kirki har ranar da ta kai ƙara, daga ranar ta zama shaiɗaniya. Alƙali ma yana da ido." Amma takardar da na sa wa hannu ita ce ƙashin da ya tsaya mana a wuya. Ta tambayi Baba ko akwai wani abu da ke nuna abin da ya kawo baƙin nan gidansa. Baba ya yi tunani ya ce ba a rubuta komai ba, sai dai Alhajin ya turo masa saƙon murya na godiya bayan sun koma gida.

"Yana nan?"

"To ni ai ban iya gogewa ba. Duk abin da aka turo min yana ciki."

Barista ta karɓi wayar ta yi ta gangarawa cikin wa'azuzzuka da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, har ta iso. Muryar Alhajin ta cika ofishin: "Malam, mun gode, mun gode ƙwarai. Abin da yaron nan ya yi wa 'yarka bai kyauta ba, mun kuma yi masa faɗa sosai. Allah ya saka da rufin asirin da kuka yi mana." Barista ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Ta ce, "Malam, daga yau kada ka bari jikokinka su koya maka goge saƙo."

Ta fara da rubuta wa kamfanin wasiƙa tana neman su janye takardar korar cikin kwanakin da ta ɗiba musu. Amsar da suka bayar ta raini ce, don haka ta shigar da ƙara. Ba zan ɓoye ba, watannin da suka biyo baya sun yi min tsawo. A je a ɗaga, a koma a ɗaga. 'Yan uwa suka yi ta zuwa suna cewa 'ya mace da kotu ba tsari ba ne, in bar wa Allah. Saurayin nan nawa da bai taɓa iya tsara min kalamai masu daɗi ba, shi ne yake neman izini a makaranta ya biyo mu a kan babur ɗinsa duk ranar zama, ya tsaya a waje cikin rana har mu fito. Barista ta je ta sami liman ma. Ya ce shi ba ya son shiga rigima, amma ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba: neman gafara aka ɗauke shi ya raka, kuma ba a ce masa yarinyar ce ta yi laifi ba. Ya yarda aka rubuta ya sa hannu.

Da lauyan kamfanin ya ga waɗannan, sai ya nemi a daidaita. Kotun tana da sashen sulhu, aka tura mu can. Ɗaki ne ƙarami da dogon tebur. Ga mai shiga tsakani, ga lauyoyi, ga Hajiya tana ta kallon faratanta, ga Alhajin nan da babbar rigarsa. Yallaɓai bai zo ba. Tayinsu shi ne a mayar da korar ta zama ni na ajiye aiki da kaina, a ba ni haƙƙoƙina, magana ta mutu a ɗakin. Alhajin ya juya wajen Baba, ya kwantar da murya kamar wancan karon.

"Malam, mu da kai mun zama ɗaya. Abin da ya wuce ya wuce. A dubi Allah a yi haƙuri, kai ne babba."

Na san halin Baba. Na ga ya sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, an sake gamawa da ni. Sai ya ɗago ya ce, "Alhaji, wancan karon na yafe abin da ba ni aka yi wa ba, kuka mayar da yafiyar tawa wuƙa kuka yanka min 'ya da ita. Ga ta nan zaune. Ita za ku tambaya."

Duk suka juyo suna kallona, ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban manya ba. Na ce ban yarda a ce na ajiye aiki ba, domin ban ajiye ba. Ina so kamfani ya rubuta cewa ƙorafina ba ƙarya ba ne, korata kuskure ce, kuma ya janye kalmar ƙazafi. Ina so a manna wannan takarda a allon da aka manna waccan, ta yi kwanakin da waccan ta yi. Lauyansu ya ce wannan ya yi tsauri. Barista ta fara tattara takardunta ta ce to mu haɗu gaban alƙali, a kunna saƙon muryar kowa ya ji. Suka nemi a ba su minti goma. Sun fi awa guda a waje.

Sun yarda. A wannan karon na karanta yarjejeniyar layi-layi, sau biyu, na tsaya a wata kalma na ce a canza ta, aka canza, kowa na zaune yana jirana, sannan na sa hannu. Da za mu fita Hajiya ta matso ta ce, "'Yata, ki yafe ni, umarni aka ba ni." Na dube ta, na ratse na bi Baba waje.

Ban koma aikin ba, ko da sun ce in koma ba zan iya ba. Na dai je sau ɗaya na tsaya gaban allon na karanta takardar da idona, na ɗauki hotonta, Umma ta aika wa gwaggon saurayina. An ɗaura aurenmu bayan sallah. Yallaɓai kuwa ba a kore shi ba, an dai ɗauke shi daga kujerar an kai shi wani reshe. Wannan yana ci min rai har yanzu, kuma wani lokacin nakan tambayi kaina ko da na daure an je gaban alƙali da abin ya fi haka. Ban sani ba. Abin da na nema dai na samu.

Har yau ina karanta littattafaina, ban kuma daina son labarin da ke ƙarewa da daɗi ba. Amma abin da na koya ban same shi a cikinsu ba. Yafiya abu ne mai kyau, sai dai ta wanda aka zalunta ce, ba a karɓar ta a bayan idonsa, kuma yafe wa mutum daban yake da wanke shi. Duk 'yar da ta zo min da irin wannan kuka yanzu, kafin in ce mata ta yi haƙuri sai na ce kada ta goge komai, ta rubuta kwanan wata, ta riƙe kwafin duk abin da ta miƙa, ta gaya wa na gida da bakinta, ta kuma nemi lauya tun abin bai yi nisa ba. In an miƙo mata takarda, ko a gaban wa take, ta karanta. Kunyar minti biyu na guje wa a falon Baba, ta ci min kusan shekara guda kafin in karɓo sunana.